Ranar da talakawan Rum suka fice daga gari

 

Yau tarihi za mu taɓa, na birnin Rum da ke ƙasar Italiya, shekara wajen 2500 baya. Na san a lakol an ba ku labarin Sezar da yaƙe-yaƙensa. Abin da ba a cika tsayawa a kai ba shi ne rigimar cikin gida tsakanin manyan gari da talakawa, wadda ta ci shekara 207. Ita za mu bi yau, da tambaya guda a ranmu: in jama'a suka tashi suka ce ba su yarda ba, mi ke sa abin da suka samu ya ɗore?

Mu fara da yadda garin yake. Bisa labarin da Rumawa suka riƙe, a shekara ta 509 kafin haihuwar Annabi Isa (AS) suka kori sarkinsu na ƙarshe, Tarkiniyus, suka ce sun gama da sarauta. Ku lura, shekarun wancan zamani ƙasa suke yi, 509 ta riga 494. Daga nan kowace shekara ana zaɓen mutum biyu da ake kira konsul su riƙe gari, majalisar dattawa na ba su shawara. To amma kusan duk kujerun suna hannun waɗansu gidaje ƴan kaɗan masu taƙama da asali. Su ne shugabannin addinin garin, su ne masu yanke shari'a, kuma su kaɗai suka san doka, don ba a rubuce take ba. Sauran jama'a, manoma da maƙera da ƴan kasuwa, ana ce musu plebs, wato talakawa.

Talakan nan shi ne sojan Rum. Shi ke sayen makaminsa, kuma a lokacin ba a biyan soja albashi. In yaƙi ya kama da damina, gona ta tafi. Ya dawo ba hatsi, sai rance. Rancen kuwa akwai wani iri da ake kira neksum, inda mutum ke jinginar da kansa. In ya kasa biya, mai bashi ya kama shi, ya sa shi aiki, in ya ga dama ya ɗaure shi da sarƙa.

Marubucin tarihi Titus Libiyus, wanda littattafan faransanci ke kira Tite-Live, ya rubuta labarin ne bayan shekara ɗari huɗu da wani abu, daga abin da aka gada. Ya ce a shekara ta 495 wani dattijo ya faɗo dandalin gari da ake kira Forum, tufafi duk sun yage, gemu buzu-buzu. Mutane suka gane shi, tsohon shugaban soja ne. Ya ce yana bakin daga abokan gaba suka ƙone masa gida suka kore dabbobinsa, aka kuma ɗora masa haraji, ya ci bashi, bashi ya cinye gonar gadonsa, daga ƙarshe ya cinye shi. Ya nuna musu tabon yaƙi a ƙirjinsa, ya juya ya nuna shatar bulala sabuwa a bayansa. Gari ya ruɗe.

Ana cikin haka labari ya zo cewa abokan gaba na tafe. Konsul Serbiliyus ya yi shela cewa ba mai riƙe ɗan Rum a sarƙa ya hana shi shiga soja, kuma ba mai taɓa dukiyar soja ko ƴaƴansa yana wajen yaƙi. Mutane suka fita suka ci nasara. Da suka dawo, ɗayan konsul ɗin, Afiyus Kalaudiyus, ya shiga mai da masu bashi hannun waɗanda ke binsu. Shekara mai zuwa aka sake yin alkawari, aka sake yin yaƙi, aka sake karyawa.

To a 494 sai suka yi abin da ba wanda ya zata. Ba su ƙone gidan kowa ba. Sojojin nan suka kwashi kayansu suka ƙetare kogin Aniyo, suka hau wani tudu mai nisan kilomita biyar ko ƙasa da haka daga gari, suka kafa sansani suka zauna. Tudun daga baya aka riƙa kiransa Dutse Mai Tsarki. Manyan gari suka waiwaya, ba mai noma, ba mai tsaron ganuwa, ga maƙwabta na jiran kafa.

Aka aika musu wani dattijo mai iya magana, Meneniyus Agirifa. Ya ba su tatsuniyar gaɓoɓin jiki da suka yi fushi da ciki, wai su ke wahala shi yana kwance yana ci. Hannu ya ƙi kai loma, baki ya ƙi karɓa, haƙori ya ƙi tauna, ƙarshe jikin duka ya rame. Ma'ana, ku talakawa ku ne gaɓoɓi, majalisa ce ciki. Tatsuniyar nan ita aka fi tunawa, ana cewa ita ta sauko da su. Amma ba nan gizo ke saƙa ba. Mutanen da aka yaudara sau biyu ba su sauko hannu rabbana ba, sai da aka yarda musu da muƙami nasu na kansu, wanda ake kira tiribun, wakilin talakawa.

Ku dubi yadda suka gina muƙamin. Talaka ne kaɗai ke riƙe shi, talakawa ke zaɓensa, shekara guda. Da farko mutum biyu ne, daga baya suka kai goma. Ƙofar gidansa a buɗe take dare da rana, kuma ba ya kwana wajen gari, don wanda aka zalunta ya same shi. In ma'aikacin hukuma ya kama talaka, tiribun na iya shiga tsakani da jikinsa ya ce a sake shi. Ba shi da soja ko guda. Ƙarfinsa rantsuwa ce da talakawa suka yi gaba ɗaya, cewa duk wanda ya taɓa wakilinsu jininsa ya halatta. Sannu a hankali ikon nan ya faɗaɗa har tiribun na iya tsai da doka ko hukuncin majalisa. Kalmar veto da kuke ji a rediyo, wadda muke cewa hawa kujerar na ƙi, da Latinanci ma'anarta "na hana". Yau ƙasashe biyar masu ƙarfi ke riƙe da ita a Kwamitin Sulhu na Majalisar Ɗinkin Duniya. A Rum makamin talaka ce.

Yanzu sai ku ce magana ta ƙare. Ina! Jinginar kai, abin da ya tada rigimar, tana nan. Kuma har yanzu in ka je gaban shari'a, wanda ke yanke maka hukunci shi ke faɗa maka abin da doka ta ce, ba ka da inda za ka duba. A 462 wani tiribun mai suna Terentiliyus ya kawo buƙatar a rubuta doka. Shekara goma ana ja. Labarin ya ce har aka tura mutane Atina ta ƙasar Girka su ga dokokin Solon. A 451 aka naɗa mutum goma, aka ba su iko duka, aka dakatar da sauran muƙamai har da na tiribun, don su yi rubutun. Suka fito da allo goma. Aka sake naɗa wani rukuni, suka ƙara allo biyu, wa'adinsu ya cika, suka ƙi sauka. Tsugune ba ta ƙare ba kenan. Sai da talakawa suka sake ficewa daga gari a 449 kafin mutanen nan su sauka, a mai do da tiribun, a kafa Alluna Goma Sha Biyu a dandali inda kowa ke gani.

Kada ku ɗauka dokokin nan masu taushi ne. Ga abin da suka ce kan bashi. Bayan hukunci ana ba ka kwana 30 ka biya. In ka kasa, mai bashi ya tafi da kai, ya sa maka sarƙa, ya riƙe ka kwana 60. In ba ka da mai kawo maka abinci, dole ya ba ka hatsi kimanin giram 330 kullum. A ranakun kasuwa uku a jere a fito da kai a faɗi yawan bashin, ko wani zai fanshe ka. In ba a samu ba, a sai da kai ƙetaren kogin Tibar, ko a kashe ka. Cikin alluna biyun ƙarshe har da hana aure tsakanin ɗan babban gida da ɗiyar talaka.

To ina ribar? Ribar ita ce kwana 30 kwana 30 ne, ba wanda zai mai da shi kwana uku don ba ya son fuskarka. Kuma abin da aka rubuta ana iya nuna shi da yatsa a ce wanga layi za a canza. Haka kuwa aka yi. A 445 aka soke hana auren. A 367 tiribun biyu, Lisiniyus da Sekstiyus, bayan shekaru suna ja da majalisa, suka samu doka: kuɗin ruwan da aka riga aka biya a cire shi daga uwar kuɗi, kada mutum guda ya riƙe fiye da kimanin eka 300 na filin gwamnati, kuma a buɗe wa talaka kujerar konsul. Sekstiyus ɗin ya hau ta a 366. Jinginar kai kuwa sai a 326 aka soke ta, bisa lissafin Libiyus, shekara 168 bayan hawa dutse. Jikokin jikokin waɗanda suka fita su suka ga ranar.

Akwai wani da nake so ku riƙe sunansa, Filabiyus. Magatakarda ne, ɗan ƴantaccen bawa. A zamaninsa doka na rubuce, amma ranakun da kotu ke zama da kalmomin da dole ka furta wajen shigar da ƙara suna hannun malaman addinin garin. Ka yi kuskuren kalma ɗaya, ƙararka ta faɗi. Wajen 304 ya fitar da su fili, ya kafa jerin ranakun a dandali. Bai jagoranci taro ba, bai hau dutse ba, amma daga ranar talaka ya daina roƙo a faɗa masa yaushe zai kai kuka. A 287, bayan ficewa ta ƙarshe zuwa tudun Janikulum, aka yi dokar Hortensiyus, wadda ta ce abin da taron talakawa ya zartar ya hau kan kowa da kowa. Daga nan kalmar plébiscite ta samo asali.

Ga ɓangaren da ba shi da daɗin ji. Da farko, duk wannan magana ta maza ce masu ƴanci. Mata ba su da ƙuri'a, bayi kuwa ƙaruwa suka yi ta yi yayin da Rum ke cin ƙasashe. Na biyu, waɗanda suka fi cin ribar buɗe kujeru su ne masu kuɗin cikin talakawa. Suka yi auratayya da manyan gida, suka zama sabbin manya, muƙamin tiribun ya koma matakala ga yaro mai neman shiga majalisa.

A 133 wani tiribun, Tiberiyus Girakus, ya ga manyan masu kuɗi sun mamaye filin gwamnati suna noma shi da bayi, tsofaffin sojoji kuwa ba su da ko taki guda. Ya kawo doka a koma ga iyakar nan ta 367, a raba abin da ya yi saura. Wa ya hau kujerar na ƙi? Ɗan uwansa tiribun, Oktabiyus. Tiberiyus ya sa taron jama'a suka tsige shi, abin da ba a taɓa yi ba, doka ta wuce. Da ya nemi a sake zaɓensa, ƴan majalisa da mutanensu suka auka masa da sanduna da ƙafafun kujeru, suka kashe shi da magoya bayansa wajen 300, aka watsa gawarwakin cikin Tibar. Rantsuwar kakanni ba ta tashi kowa ba. Ƙanensa Gayus ya bi shi a 121. Daga ƙarshe, a shekara ta 23, Agustus, wanda ya tattara mulkin Rum a hannunsa, ya karɓi ikon tiribun har iyakar ransa, yana ma ƙidaya shekarun mulkinsa da shi.

Ƴan uwa, abin da na tsinta cikin labarin nan ga shi. Ranar ficewa daga gari ita ce mai daɗin bayarwa, amma kwanaki kaɗan ce cikin shekara 207. Sauran duka aikin gajiya ne: a rubuta, a kafa inda kowa zai karanta, a sa wanda zai tsaya a kai, a koma a gyara layin da ya cutar. Kuma muƙami ba ya tsaron kansa. Muddin talakawa na tsaye bayan rantsuwarsu, mutum guda ba sanda yana tsai da konsul. Da suka saki, sunan ya rage, wani ya ɗauka ya rataya.

Kafin mu shiga tambayoyi, ga tawa gare ku. Oktabiyus ya yi amfani da ikon da doka ta ba shi ya tare abin da zai amfani talakawa. Tiberiyus ya ture ƙa'idar da ke kare kowane tiribun, har da shi kansa, don ya ba talakawa gona. Da kuna cikin taron nan ranar da aka sa ƙuri'ar tsige Oktabiyus, ina za ku jefa taku? Kowa ya faɗi dalilinsa, mu ji.