Jawabi A Kan Kiwon Tumaki Da Tsire-Tsiren Tuddan Ingila



A arewacin Ingila akwai waɗansu tuddai da ake kira Pennines. Ƙasa ce mai sanyi da yawan ruwan sama, ba itatuwa, ba ta kuwa nomuwa. Abin da ke fitowa a kanta shi ne ciyawa, da gansakuka, da wani gajeren tsiro mai jan fure wanda Turawa ke kira heda. Tun zamanin kakanni tumaki ake saki a can su yi kiwo.

Tunkiya kuwa dabba ce mai zaɓe. Haki mai laushi da furanni take fara bi, ta bar mai kaushi. Idan tumaki suka yi wa wuri yawa, musamman da hunturu sa'ad da ciyawa ta ƙare, sai su far wa heda har ta mutu. Sa'an nan wata ciyawa mai tauri, wadda ba dabbar da ke sonta, ta mamaye fagen. Mai wucewa ya ga kore shar ya ce ƙasa lafiya lau take, alhali iri biyu ko uku ne suka rage.

Gwamnati ma da hannunta a ciki. Shekaru da yawa ana biyan makiyayi kuɗi bisa ga kowace tunkiya da ya ajiye a kan tudu, watau akasin jangalin da hakimai suka sani a da. Wa zai rage garke alhali kowane kai kuɗi ne? Sai cikin 2005 aka daina irin wannan biya.

Amma kada a ɗauka korar dabbobi ɗungum ita ce magani. Cikin 1952 aka keɓe wani wuri mai suna Moor House domin bincike, masana suka kewaye 'yan filaye da shinge, suka hana tumaki shiga. Da shekaru suka tura, inda ƙasa ke da ƙarfi sai dogayen ciyayi suka tashi, suka yi wa ƙananan tsire-tsire inuwa har waɗansu suka ragu. Ashe bakin tunkiya ne ke share musu wuri.

Cikin 2001 ciwon baki da kofato ya faɗa wa dabbobin Ingila, aka hallaka miliyoyi. Tudun Cross Fell, wanda ya fi duk na Pennines tsawo, ya sami hutu. Tsire-tsiren da aka daɗe ba a ga furensu ba suka yi fure, har cikin 2002 aka gano wani haki a tuddan nan wanda a da ba a san yana fitowa a Ingila ba. Yana nan tun tuni, tumaki ne ba su bar shi ya ɗaga kai ba.

Daga baya aka shiga yin yarjejeniya da makiyaya, ana biyansu su rage garke, su sauko da shi daga tudu da hunturu. A waɗansu wurare kuma aka kawo 'yan shanu, gama saniya ba ta zaɓe kamar tunkiya, tana cin ciyawa mai kaushi.