Ciwon Maƙogwaro Ba Na Aska Ba Ne



Idan hunturu ya kama, ƙura ta lulluɓe Jimeta da Yola har bakin tafkin Njuwa, ciwon maƙogwaro yakan yawaita tsakanin yara. Galibinsa mura ce, takan wuce cikin mako guda. Amma akwai wanda wata ƙwayar cuta mai suna sitireftokokas ke haddasawa, musamman ga 'yan shekara 5 zuwa 15. Alamunsa su ne zazzaɓi, da zafin haɗiya, da mugunya a can cikin maƙogwaro, da kaluluwa a wuya, galibi ba tare da tari ba. In aka yi sakaci, bayan mako 2 ko 3 yana iya komawa ciwon gaɓoɓi, ya lalata zuciyar yaro har iyakar rayuwarsa.

Cire belu ba ya kashe wannan ƙwaya. Aska kuwa tana iya jawo zubar jini, ko ta sa wa yaro ciwon hanta. Abin da ya wajaba shi ne a kai shi asibiti mafi kusa, ko Asibitin Ƙwararru da ke Jimeta. In likita ya rubuta penisilin na kwana 10, a cika kwanakin ko da yaro ya ji sauƙi.

In aka ga wata fata mai ruwan toka ta rufe maƙogwaro, wuya ya kumbura, numfashi ya yi wuya, a gaggauta. Yana iya zama mashaƙo, wanda ya ɓarke a Kano a ƙarshen 2022. Ana yi wa jarirai allurar rigakafinsa kyauta a mako na 6 da na 10 da na 14.

Rigakafi ya fi magani. Allah ya ba da lafiya.