Ziyarar Tsofaffi Ba Miƙa Goro Ba Ce Kawai

Jawabin yau a kan ziyarar tsofaffi ne.

Daga Maradi zuwa Tsibiri babu nisa. Ran Juma'a saurayi ya hau kabu-kabu ya zo gaida kakarsa. Tsohuwa ta yi murna, ta ce: "Maigida, yau ka tuna da ni?" Ya durƙusa, ya miƙa goro da ɗan kuɗi. Salula na hannunsa, mai kabu-kabu na jiransa a ƙofar gida. Kafin a dama fura ya tashi. Tsohuwa ta samu goro, amma ba ta samu jikanta ba.

Hausawa sun ce zumunta a ƙafa take. To, in ƙafa ta kai, sai a zauna.

Mai ziyara ya sallami mai kabu-kabu, ya ajiye salula. Ya zauna kusa bisa tabarma, ya yi magana a hankali, don kunnen tsoho ya yi nauyi. In an kawo fura ya sha. Ya duba ɗaki ko yana yoyo, ya duba randa ko da ruwa, ya duba gidan sauro ko ya yage. In akwai ciwo, ya kai tsoho likita.

Bayan haka ya yi tambaya, ya saurara. Tsofaffin Tsibiri sun ji daga iyayensu yadda Gobirawa suka kafa garin, da yadda Gulbi ya ci tsohuwar Maradi a 1945. Sun ga yunwar 1984 da idonsu, sun san abin da aka ci aka rayu. Sun san iyakar gonar gado, sun san gawon da ya raba ta da gonar maƙwabci. Ran da tsoho ya rasu ba a tambaye shi ba, sai 'yan'uwa su kai juna gaban sarki saboda gona.

Nan yaƙi da jahilci yake da rana. Wanda ya iya rubutu ya tafi da littafi da alƙalami. Ya rubuta sunayen kakanni, da iyakokin gona, da shaidu. Ya karanta wa tsoho, don ya gyara in da kuskure.

Wanda ke da tsoho a Tsibiri, ko Maradi, ko Jiratawa, kada ya jira sai salla. Ya je cikin wannan mako, ya wuni.

Allah ya ba mu albarkar iyaye. Amin.