GYARAN UNGUWAR TALAKAWA KO KORAR TALAKAWA?

An bayyana cewa duk kuɗin da gwamnati za ta ware da sunan raya unguwannin talakawa, ma'auninsa guda ɗaya ne, wato a duba su wane ne ke zaune a unguwar bayan an gama aikin. Wani Malami daga cikin 'yan uwa ne ya bayyana haka a jawabin da ya gabatar bayan sallar La'asar a wata makarantar Islamiyya da ke Agege, a birnin Legas.

Bayan ya yi hamdala da salati ga Manzon Allah (SAWA), Malamin ya ce babu mai musun cewa unguwannin marasa galihu na tsakiyar birane suna buƙatar gyara. Babu magudanar ruwa, babu famfo, babu asibiti, da damina kuma kwata ce ke shiga har ɗaka. Ya ce gyara wannan haƙƙi ne a wuyan mahukunta, ba alfarma ba ce, domin dukiyar da ke hannunsu ta jama'a ce. Amma fa, in ji shi, akwai gyaran gangar auzinawa.

Daga nan ya tuna wa mahalarta abin da ya faru a Maroko. Ya ce a watan Yulin 1990, gwamnan soja na lokacin, Raji Rasaki, ya ba mutanen unguwar wa'adin kwana bakwai kacal su tashi, bisa hujjar cewa wurin na cikin haɗarin ambaliya, kuma zama a cikinsa illa ne ga lafiya. Wa'adin na cika aka shigo da katafila ana tsakiyar damina, aka raba mutane kimanin 300,000 da muhallinsu. Kaɗan daga cikinsu aka tsugunar a Ilasan da Ikota, a gidajen da ba a ma gama ginawa ba. Ya ce yau filin Maroko yana cikin filaye mafi tsada a ƙasar nan. "Ashe ruwan da zai ci talaka," in ji shi, "ana iya cike shi da yashi idan mai kuɗi ne zai zauna."

Malamin ya ci gaba da cewa wani zai iya cewa ai wancan mulkin soja ne, to a dubi na farar hula. A shekarar 2006 Bankin Duniya ya amince da bashin dala miliyan 200 domin ayyukan raya Legas, wani kaso daga ciki kuma domin gyara unguwanni tara na marasa galihu, cikinsu har da Agege, Ajegunle, Makoko da Badiya. A takarda, ya ce, shirin ba shi da aibu: tituna, magudanai, rijiyoyin burtsatse, makarantu da ɗakunan shan magani. Amma ranar Asabar 23 ga Fabrairun 2013, tun shirin bai ƙare ba, sai ga katafilar gwamnatin jihar a gabashin Badiya, ɗaya daga cikin wuraren da aka ciwo bashin da sunansu. Ƙungiyar Amnesty ta ƙiyasta cewa mutane kusan 9,000 abin ya shafa. Bayan dogon kai-kawo, abin da aka ba ɗan haya shi ne naira 90,400. Ya tambayi mahalarta ko wannan kuɗin zai sake tsayar da magidancin da ya rasa ɗaki, da kaya, da wurin sana'a a rana ɗaya.

Ya ƙara da cewa abin takaici, da yawa daga mutanen Badiya zuri'ar waɗanda aka taso ne daga Iganmu a shekarar 1973 domin a gina babban ɗakin wasanni na ƙasa. An tashi iyaye, an sake tashin 'ya'ya, bashin da aka ci da sunansu kuwa da su za a biya shi.

Da ya juya kan matsayin Musulunci, Malamin ya ce lokacin da Manzon Allah (SAWA) ya isa Madina, filin da taguwarsa ta durƙusa a kai na wasu marayu biyu ne, Sahlu da Suhailu. Yaran suka ce sun bayar kyauta, amma ya ƙi karɓa har sai da aka saya aka biya su, alhali masallaci za a gina. Ya ce idan ɗakin Allah bai halatta cin filin maraya ba, ina ga rukunin gidajen sayarwa? Ya kuma tunatar da gargaɗin da ya zo a hadisi game da azabar da ke jiran wanda ya ci ko da taƙi ɗaya ne na ƙasar wani da zalunci.

Ya shawarci 'yan uwa mazauna irin waɗannan unguwanni da kada su tsaya ga tafi idan an zo kafa allon kwangila. Su tambayi nawa aka ware, kyauta ne ko bashi, wa ya sami kwangilar, gidaje nawa za a taɓa, kuma ina za a kai masu su kafin a rushe. Su adana takardun filayensu da rasiɗan haya, su kuma rubuta sunayen kowane gida a unguwa, har da 'yan haya da zawarawa, domin wanda ba ya cikin lissafi shi ake fara mantawa ranar diyya. Ya jaddada cewa katafila ba ta tambayar ƙabila ko addini, don haka wajibi ne a tsaya tare da duk maƙwabcin da aka zalunta, Bayarabe ne ko Bahaushe, Musulmi ne ko Kirista.

An rufe zaman da addu'a dab da kiran sallar Magariba.