Carki da Ƙwayar Saiwar Wake

Sharhin yau yana kwatanta halittu biyu masu rayuwa a jikin wasu: carki a bayan saniya, da raizobiyum, wata ƙwayar bakteriya da ido ba ya gani, a saiwar wake. Carki yana tsince kaska, amma yakan tone miki ya sha jini. Ita kuwa ƙwayar tana zaune cikin 'yan ƙulle-ƙullen saiwa, waɗanda cikinsu ke yin ja idan tana aiki, tana mayar da naitirojin na iska, wato sinadarin da ke cikin takin yuriya, abincin shuka, shukar kuma tana ciyar da ita da sukari. Wannan cuɗanya ta fi ta carki adalci nesa ba kusa ba.