Daga Mai Leƙe Zuwa Mai Saye: Cinikin Intanet a Bakin Iyakar Jibiya



Batun da aka ɗora mini shi ne yadda mai sana'a a intanet zai jawo jama'a zuwa shafinsa, kuma ya sa su saya. Yawancin abin da ake koyarwa a kan wannan an tsara shi ne don mai kanti a Landan ko Legas, inda gidan mai saye ke da lamba, kuɗi iri ɗaya ne, layin waya kuma ba ya ɗaukewa. Ɗan kasuwar Bugaje da sauran ƙasar Jibiya yana ciniki ne tsakanin naira da sefa, kayansa na bi ta Magama zuwa Ɗan Isa da Maraɗi, kuma a 'yan shekarun nan ya ga an garƙame hanyar nan har sau biyu. Abin da zan kare a gabanku shi ne: a wurinmu tara masu kallo abu ne mai arha, mai tsadar ita ce yarda, kuma a kanta ya kamata a kashe kuɗi da lokaci.

Ba zan daɗe a kan jawo jama'a ba, don matasanmu sun riga mu sani. Mutanenmu ba sa farawa daga Google su nemi shago. A WhatsApp da Facebook da TikTok suke wuni, daga can ne za a ja su. Tun 2018 aka fito da WhatsApp Business, kyauta ne, kuma yana da wurin jera kaya da farashi. Wannan ya wadatar da mafi yawan masu ƙananan sana'o'i kafin su kai ga biyan kuɗin gina shafi. Wanda kuma ya gina, to ya rage masa nauyi. Wani bincike da Google ya fitar a 2016 ya nuna kashi 53 cikin 100 na masu shiga shafi ta waya suna ficewa idan ya wuce daƙiƙa 3 bai buɗe ba. Ku auna wannan da mutumin da ke ƙauye yana ɗaga waya sama yana neman sabis, datarsa kuma ta naira ɗari biyu ce.

Sai harshe. Abokin cinikinmu na Maraɗi Bahaushe ne, amma da ƙa'idar Faransanci ya koyi rubutu, don haka yadda zai rubuta sunan kaya ya bambanta da namu, kuma tallar da aka cika da Ingilishi ta wuce shi. Gajeren bidiyo da saƙon murya da Hausa su ne ke tsallaka iyaka ba tare da tafinta ba.

Mata kuwa ba yau suka fara sayarwa ba tare da an gan su ba. Polly Hill, Baturiyar da ta zauna a Batagarawa nan kusa da mu a shekarun 1960, ta rubuta yadda matan aure ke tafiyar da babban ciniki daga cikin gida, yara na kai kaya suna dawo da kuɗi. Waya a yau ita ce yarinyar talla, sai dai ita tana kaiwa har Damagaram, kuma ba ta hana kowa zuwa makaranta.

To, an zo an kalla. Me ke hana saye?

Ku duba ƙarƙashin kowace talla ta atamfa ko turaren wuta. Wata za ta rubuta, "Hajiya, nawa ne?" Amsa: "Ki biyo ni ta akwatin saƙo." Ta bi. Sai bayan isha'i a ce mata dubu kaza. Ta ce, "Ina Maraɗi fa, nawa ke nan a sefa, kuma ya za a yi ya iso ni?" Shiru, sai gobe da hantsi. Kafin nan ta saya a wurin wata. Mai kayan kuma tana can tana murnar mutum dubu biyar sun kalli bidiyonta. Na san dalilin ɓoye farashi: ana tsoron kishiyar sana'a ta karya kuɗi, ana kuma son barin ƙofar tayi a buɗe. Amma kishiyar sana'a za ta iya aiko ƙanwarta ta tambaya, ita kuwa mai sayen gaskiya ta tafi ke nan. Ba mu kaɗai ke da wannan ciwo ba. Cibiyar Baymard da ke Danmak ta daɗe tana tattara alƙaluma, kuma ta nuna kusan kashi 70 cikin 100 na waɗanda suka zaɓi kaya a shagunan intanet suna watsarwa kafin biya, kuma babban dalilin da suke bayarwa shi ne ƙarin kuɗin da ke ɓullowa a ƙarshe, kamar kuɗin kai kaya. Saboda haka a rubuta farashi ƙiri-ƙiri, da naira da sefa, da ranar da aka yi lissafin canji, da kuɗin mota zuwa Katsina, Kano da Maraɗi.

Nan ne na iso inda nake son mu tsaya. Ko an faɗi farashi, mai saye yana tambayar kansa: in na tura kuɗina, wa zan kama? Kakanninmu fatake sun sha wannan tambaya, kuma sun warware ta. Baƙo ba ya sayar wa baƙo kai tsaye. Yana sauka wurin mai gida, shi ke ba shi masauki, ya ajiye masa kuɗi, ya haɗa shi da dillali, ya tsaya masa idan an ci bashi. Abner Cohen ya bayyana wannan tsari a littafinsa na 1969 kan cinikin shanu da goro a Sabon Ibadan, Emmanuel Grégoire kuma ya nuna a 1986 yadda Alhazan Maraɗi suka gina dukiyarsu a kan irin wannan amana da abokan hulɗarsu na Najeriya. Shafin intanet ya kawar da mai gida, bai kuwa ajiye kowa a gurbinsa ba. Jumia, da aka kafa a 2012, ta gane haka, shi ya sa ta yarda a biya bayan kaya sun iso hannu. Kamfanin da ke da jarin ƙasashen waje ma sai da ya sunkuya, balle mai sayar da kilishi.

Ƙaramin ɗan kasuwa ba zai iya sakin kaya bashi ga duk wanda ya kira ba, musamman da yake alat na bogi ya yi yawa. Amma akwai abin da zai iya. Ya nuna fuskarsa da ƙofar shagonsa da layin da yake a kasuwa. Sunan da ke kan shafi ya zama shi ne a asusun banki. Babu abin da ke korar mai saye kamar a ce masa ya tura kuɗi asusun "ƙanena". Ya yi rajistar sunan kasuwanci a hukumar CAC. Ya yarda da kiran bidiyo, a warware turmin a gaban mai saye, don gani ya kori ji. Sannan ya riƙe direba ɗaya ko biyu sanannu a tasha. Idan an ɗaure ƙunshi an rubuta suna da lambar waya a jikin buhu, ya ɗauki hotonsa a cikin mota tare da lambar motar, ya tura nan take. Wannan hoton ya fi tallar naira dubu goma aiki, domin shi mai saye zai nuna wa maƙwabcinsa.

Biyan kuɗi a ɓangarenmu ya yi sauƙi tun ƙarancin takardun naira na farkon 2023, lokacin da dole ta sa har mai shayi ya buɗe OPay ko Moniepoint. A Nijar kuwa mutane sun fi sabawa da kamfanonin aika kuɗi irin su Nita, Amana da Al Izza. Tsare-tsaren biyu ba su haɗu ba, ɗan canji ne ke tsakiya. Mai shafi da ke son kasuwar Maraɗi sai ya samu amintaccen wakili a can wanda zai karɓi sefa, ya kuma zama wanda za a je wurinsa idan kaya sun zo da aibi. Kada kuma a manta da kwastam: kayan da doka ta hana shigowa da su ta ƙasa, kamar shinkafar waje, tallata su a shafi rubuta wa kai takardar tuhuma ne.

Akwai wani darasi da ƙasar nan ta koya da wahala. An rufe iyakokin ƙasa a Agustan 2019, ta Jibiya ba ta buɗe ba sai Afrilun 2022. Bayan juyin mulkin Nijar na 26 ga Yulin 2023 aka sake rufewa har Maris na 2024. A lokacin rufewar farko kuma, a Satumban 2021, aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na Jihar Katsina saboda 'yan bindiga, har da Jibiya, na tsawon watanni. Wanda duk cinikinsa ke rataye a shafi ɗaya da kasuwa ɗaya ya zauna. Don haka a nemi masu saye a ɓangarorin biyu na iyaka, kuma duk wanda ya taɓa saye a rubuta sunansa da lambarsa da abin da ya saya a littafi na takarda. Ana iya rufe wa mutum shafin Facebook dare ɗaya ba tare da bayani ba. Littafin nan ne kuma zai nuna lissafin da ya dace a riƙa yi duk ƙarshen wata: mutum nawa suka yi magana, nawa suka biya, nawa suka dawo karo na biyu.

Layin dogo na Kano zuwa Maraɗi, mai tsawon kilomita 284, wanda aka ƙaddamar da aikinsa a Fabrairun 2021, ta Jibiya zai bi. Idan ya fara aiki, kai kaya zai yi sauƙi, amma zai yi wa manyan 'yan Kantin Kwari na Kano sauƙi kamar yadda zai yi mana. Shawarar da nake ajiyewa a gaban wannan taro ita ce ƙungiyar 'yan kasuwar Jibiya ta buɗe rajistar mambobinta masu sayarwa ta intanet, da lambar waya guda da mai saye daga Maraɗi ko Kano zai kira ya tabbatar da mutum kafin ya tura kuɗi, ya kuma kai ƙara idan an cuce shi, sannan ta nemi takwararta ta Maraɗi ta yi haka.