Da Wane Littafi Za a Fara?

Samarin da ke kallon Star Wars a waya bayan an tashi daga gonar shinkafa, ga shawara kan littattafansa.

Kada ku tsinci na tsakiya. Ku fara da Heir to the Empire na Timothy Zahn, 1991, sai Dark Force Rising, sannan The Last Command. Na farkon ne gwanina, saboda Thrawn, mugun da ke amfani da basira wajen yaƙi. A 2014 kamfanin Lucasfilm ya ware su daga asalin labarin, amma daɗinsu na nan.

Wanda Turanci ke ba wuya kuwa, ya nemi Tauraruwa Mai Wutsiya ta Umaru Dembo, 1969, inda yaro Kilba ya leƙa sararin samaniya.